Wa ke riƙe da makullin mangaza? Amsa ga sakataren wata ƙungiyar manoma a jihar Maradi

Tambayar da aka aiko ita ce: "Malam, ni ne sakataren wata ƙungiyar manoma a jihar Maradi. Mu 140 ne, maza da mata, muna da bankin cimaka da shagon takin zamani. Shugabanmu shi ya kafa ƙungiyar shekara 14 da suka wuce, kuma har yau makullin mangaza da hatimi da littafin banki duk suna hannunsa, lambar wayarsa kaɗai masu foroje suka sani. Ba wanda ya taɓa kama shi da cin ko dala. Matasa na so a sauke shi, dattawa kuma na cewa amana da zumunci suka haɗa mu, bincike aikin waɗanda ba su yarda da juna ba ne. Ta yaya za mu sake tsarin shugabanci bisa abin da ya haɗa mu, ba tare da ƙungiyar ta rabu biyu ba?"

Malam Sakatare, Allah ya saka maka da alheri da ka yi wannan tambaya tun bango bai tsage ba. Na shafe shekaru masu yawa ina rakiyar ƙungiyoyin manoma da na mata a wannan jiha, daga Madarunfa zuwa Mayahi, daga Gidan Rumji zuwa Tasawa, kuma yawanci ba a kirana sai bayan an riga an daina gaisawa a ƙofar masallaci. Ku ba ku kai can ba, saboda haka gyaran naku mai sauƙi ne idan aka bi shi a hankali.

Dattawanku sun yi gaskiya da suka ce amana ce ta haɗa ku, domin babu takardar da za ta riƙe mutanen da ba su yarda da juna ba. Matasanku ma sun yi gaskiya da suka ga haɗari a tara komai a hannu guda. Inda ɓangarorin biyu suka kauce shi ne sun mai da maganar ta zama shari'ar halin mutum ɗaya, waɗannan na kare shi, waɗancan na zarginsa. Abin da nake so ka koma da shi wurin jama'arka shi ne cewa amana tana zama tsarin mulkin ƙungiya ne kawai ranar da aka ga alamarta a cikin wanda ke riƙe da makulli, da wanda ke ƙirga buhu, da wanda ke da ikon cewa a'a, kuma ranar da ta ɗaure babba kamar yadda take ɗaure ƙarami. Kafin wannan rana, abin da kuke kira amana kaya ne da kuka ɗora wa dattijo ɗaya a wuya, kuka koma gefe kuna yi masa addu'a.

Yana da kyau ka fahimci yadda iko ke taruwa a hannun mutum ko da shi bai nema ba, domin hakan zai rage zafin matasa. Wanda ya kafa ƙungiya shi ya yi zirga-zirgar takardun rajista, shi ya san ofisoshin da ake shiga, wataƙila shi ke jin Faransanci, kuma shi ya fara zuba kuɗin aljihunsa lokacin da babu kowa. Masu foroje, wato masu kawo ayyukan tallafi, sun fi son mutum ɗaya da za su buga wa waya ya tara musu jama'a gobe da safe, don haka kowace ziyara tana ƙara masa sani da sanayya, sauran mambobi kuwa suna ƙara nisa da labarin. Bayan shekara goma sai a wayi gari shi kaɗai ya san bashin da ake bin ƙungiya da wanda take bi, har ta kai ana tsoron sauya shi domin ilimin ƙungiyar duka yana cikin kansa. Wani masani Bajamushe, Robert Michels, ya bayyana wannan tun 1911 bayan ya nazarci jam'iyyun ma'aikata na Turai, waɗanda suka fi kowa kiran daidaito: ya ga cewa kowace ƙungiya, in ta girma, ikonta kan zame zuwa hannun ƴan kaɗan masu riƙe da ofis da labari. Ke nan abin da ya same ku ba lalacewar garinku ba ce, halin ƙungiyoyi ne a ko'ina muddin ba a yi masa shinge ba.

A nan Maradi akwai abubuwa biyu da ke ƙara wa wannan hali ƙarfi. Na farko shi ne tsarin ubangida da bara wanda kasuwancin alhazan garin nan ya ginu a kansa, inda arzikin mutane yake gaba da arzikin kuɗi, babba ya ɗauki nauyin suna da biki da asibiti, ƙarami kuma ya biya da biyayya. Tsari ne da ya yi aiki ƙwarai a fatauci, amma dukiyar da ake juyawa a cikinsa ta ubangida ce, shi ya sa ba a tambayarsa lissafi. Dukiyar ƙungiya kuwa ta mutum 140 ce, kuma idan aka shigo da ɗabi'ar gidan alhaji cikinta, sai mamba ya ɗauki takin da aka ba shi bashi a matsayin alherin shugaba, ya yi godiya a inda ya kamata ya nemi haƙƙi. Na biyu shi ne tarihin koferatif, wato ƙungiyoyin haɗin gwiwa, a ƙasar nan. Tun da aka kafa UNCC, hukumar gwamnati mai kula da bashi da koferatif, a 1962, a zamanin da gyaɗa ke riƙe da tattalin arzikin wannan yanki, daga sama ake kawo koferatif, ma'aikacin gwamnati ke riƙe da littafi, manomi kuma ya kawo gyaɗarsa a auna. UNC, tarayyar koferatif ta ƙasa, ta gaje ta a 1984, kuma sai a 1996 doka ta sakar wa manoma mara su kafa tasu yadda suka ga dama. Iyayenmu sun tashi da sanin cewa koferatif ta hukuma ce, daga baya ta zama ta foroje, kuma mutum ba ya bin diddigin abin da bai ɗauka nasa ba. Har yau za ka ji mamba na cewa "ƙungiyarsu wane", alhali shi ma ya biya kuɗin shiga.

Sai kuma kunya, wadda a ganina ita ce gundarin matsalarku. Kunya da girmama na gaba suna cikin kyawawan halayen da suka haɗa ku, kuma ba zan taɓa ba da shawarar a zubar da su ba. Amma ka duba abin da suke haifarwa a taro: yaron da shugaba ya yanka wa ragon suna ba zai iya miƙewa a gaban jama'a ya ce "Baba, buhu nawa ya rage?" ba, surukinsa ba zai iya ba, mace kuwa ko kusa. Duk tsarin da ya dogara ga wani ya yi ƙarfin halin tambaya to ya mutu tun kafin a fara, domin mai tambayar zai fita da sunan mara kunya, kuma tambayar za ta zama zargi. Dabarar ita ce a tsara abubuwa yadda amsa za ta riƙa zuwa da kanta a ranar da aka sani, ba tare da kowa ya buɗe baki ya nema ba.

Na ga wannan da idona a wani ƙauye da ke arewacin Maradi. Bankin cimakarsu yana hannun wani dattijo mai mutunci wanda kowa ke kai wa ajiya. A littafi akwai buhun hatsi 86. Da muka buɗe mangaza da hantsi, muka fito da buhunan ɗaya bayan ɗaya muna jerawa a inuwar bedi, wani yaro na zana layi a ƙasa da kara, sai ƙirga ta tsaya a 61. Wuri ya yi tsit, dattijon ya cire hularsa ya riƙe a hannu, sannan ya fara kiran sunaye: wane ya zo da dare matarsa ta haihu babu ko tiya a gida, wance mijinta ya tafi ci-rani bai aiko ba, wane ya yi rantsuwa zai biya da kaka. Ko tsaba ɗaya ba ta shiga gidansa ba. Yawancin waɗanda ya kira suna zaune a wurin, kansu a sunkuye. Abin da ya fi taɓa ni shi ne da ya ce shekara uku ke nan ba ya barci sosai, domin ba ya iya hana wanda ya zo masa da kuka, kuma ba ya iya faɗa wa jama'a. Tausayinsa na gaskiya ne, amma ya tafi ga waɗanda suka san ƙofar gidansa kuma suke da fuskar ƙwanƙwasa ta da dare, ita kuwa bazawarar da ke ƙarshen gari, wadda ita ma mamba ce, ba ta samu ba. Da makullin biyu ne, da ya samu abin da zai ce wa mai roƙo: ba ni kaɗai ba ne, bari mu je wurin wance. Makulli na biyu kariya ce ga mutumin kirki kafin ya zama tarko ga ɓarawo, kuma da wannan harshe nake so ka yi wa dattawanku magana.

Idan suka ce rubutu da shaida alamar rashin yarda ne, akwai amsa a cikin abin da suka fi ka sani. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce ga muminai su rubuta bashi, ƙarami ne ko babba, su kuma kafa shaidu, kuma Sahabbai aka fara yi wa wannan umarni, mutanen da amanarsu ta fi tamu nesa ba kusa ba. A Suratus Shura an yabi muminai da cewa al'amarinsu shawara ne a tsakaninsu. Sayyidina Abubakar, ranar da aka yi masa mubaya'a, ya ce wa jama'a idan ya kyautata su taimake shi, idan ya karkace su miƙar da shi. Wanda ya nemi a miƙar da shi ya yarda ke nan a duba aikinsa. Ka nemi limamin garinku ya yi wannan bayani da bakinsa, domin daga gare shi zai fi shiga kunne fiye da daga sakatare.

Misali mafi kusa kuma yana cikin gidajenku. A nan jihar Maradi aka fara tsarin asusun mata na Mata Masu Dubara a 1991 da tallafin ƙungiyar agaji ta CARE, kuma daga nan tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. Ka je ka zauna a gefen taron asusun matan garinku ka kalli yadda suke yi. Akwatin ƙarfe ne mai ƙwado uku, makullan suna hannun mata uku daban, akwatin kuma yana kwana a ɗakin ta huɗu wadda ba ta da makulli ko ɗaya. Ba a buɗe shi sai a tsakiyar tabarma a gaban kowa, masu ƙirga su ƙirga da ƙarfi, a faɗi abin da ya shiga da abin da ya fita, a tashi kowace mace ta san adadin da aka rufe a kai, mako mai zuwa kuma a tambaya kafin a buɗe. Wadda ta makara ta biya tara ko da ita ce shugaba. Yawancin waɗannan mata ba su yi boko ba, kuma ƴan uwan juna ne, kishiyoyi da maƙwabta da surukai, amma ba wadda ta ɗauki makulli uku a matsayin zagi. Sun gane cewa zumuncin nasu ne ake karewa. Na daɗe ina mamakin yadda maza ke tafiya horo har Yamai a kan shugabanci nagari, alhali darasin yana gudana kowane mako a bayan dangarsu.

Yanzu ga yadda za ku fitar da abin da ya haɗa ku. Kada ku tara mutane ku tambaye su "mene ne ƙa'idodinmu?", domin za su ce gaskiya da amana da haɗin kai da tsoron Allah, a tafa, a rubuta a allo, a watse ba abin da ya canja. Kowa ya yarda da waɗannan kalmomi, shi ya sa ba sa raba gardama. Ku tambaye su a kan al'amuran da suka taɓa faruwa. Idan taki ya zo buhu 50 masu so kuma 90 ne, wa za a fara ba, wanda ya riga biya ko wanda gonarsa ta fi ƙanƙanta? Idan mamba ya kasa biyan bashin hatsi saboda fari, me za a yi masa, kuma idan ya ƙi biya alhali ya sayi babur fa? Idan ɗan shugaba ne? Idan aka gayyaci mutum biyu horo, wa ke zaɓensu? A amsar irin waɗannan tambayoyi ake ganin ainihin abin da jama'a suka ɗauka adalci, kuma a nan saɓanin da ke ɓoye yake fitowa a tattauna shi. Ku yi zaman kashi uku, dattawa daban, mata daban, matasa daban, sannan kowane kashi ya aiko da mai magana a babban taro, domin mace ba za ta faɗi ra'ayinta a gaban surukinta ba, kuma shirunta ba yarda ba ne.

Duk ƙa'idar da aka amince da ita, sai a tambaya: da wane aiki za a gane ta? Masaƙa da sauran ma'aikata 28 da suka buɗe shagonsu a Rochdale ta Ingila a 1844, waɗanda ake ɗauka su ne tushen koferatif ta zamani, sun yi haka ne. Gaskiya a wurinsu ita ce awo cikakke da gari marar gauraye, daidaito kuma shi ne mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya komai yawan jarinsa, riba kuwa a raba gwargwadon cinikin da kowa ya yi da shagon. A wurinku gaskiya tana iya zama tiya guda mai alama wadda da ita ake karɓa kuma da ita ake bayarwa. Amana ta zama ƙwado biyu a ƙofar mangaza da sa hannu biyu a kan duk kuɗin da zai fita. Tausayi ya zama buhu kaza da aka ware tun kaka domin masu larura, wanda mutum uku ke yanke hukunci a kansa, cikinsu har da mace, a rubuta, yadda mabukaci zai samu ba tare da ya durƙusa wa kowa da dare ba. Ƙa'ida biyar ko shida da kowa zai iya faɗa da ka sun fi shafi talatin na Faransanci da aka kwafo daga wata ƙungiya domin a samu rajista.

Doka ma tana bayanku, kuma wannan zai taimake ka ka cire maganar daga kan mutum. Nijar na cikin ƙasashe 17 na OHADA, ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, kuma dokar koferatif ta bai ɗaya da aka amince da ita a Lome ranar 15 ga Disamba 2010 ita ke aiki a kanku idan da sunan koferatif kuka yi rajista. Ta tanadi iri biyu: mai sauƙin tsari da ake kira SCOOPS, wadda mutum 5 ke iya kafawa, da mai majalisar gudanarwa, COOP-CA, wadda ke bukatar aƙalla mutum 15. A duka biyun babban taron mambobi shi ne mai iko na ƙarshe, kowane mamba ƙuri'a ɗaya gare shi komai yawan hannun jarinsa, kuma dole a sami kwamitin sa ido na mutum 3 zuwa 5 wanda masu gudanarwa da makusantan danginsu ba sa shiga. Tsawon wa'adin shugabanni kuwa an bar wa dokokinku na cikin gida su faɗa. Ka ɗauko takardunku ka karanta, ina kyautata zaton za ka tarar da wa'adi da kwamitin sa ido a rubuce, har da sunayen mutanen da su kansu sun manta an taɓa zaɓensu. Sau da yawa gyaran bai wuce a tayar da abin da ke kwance a takarda ba.

Game da rabon iko, ka riƙe abu uku da bai kamata su haɗu a hannu ɗaya ba: yanke shawara, riƙon dukiya, da dubawa. Babban taro ya yanke manyan shawarwari, wato farashin saye da sayarwa, cin bashi, karɓar foroje ko ƙinsa, da shigar sabon mamba. Shugaba ya jagoranci zartarwa ya kuma wakilci ƙungiya a waje, amma kada kuɗi ko makulli su kwana a gidansa. Ma'aji da mai kula da mangaza su riƙe dukiya, amma ba su da ikon fitar da ita sai da takarda. Kwamitin sa ido kuma ya ƙirga, ya kai rahotonsa ga babban taro kai tsaye ba ta hannun shugaba ba. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Katsinar Maradi, inda sarki da kansa yake da rukuni huɗu, Ƙaura da Galadima da Ƴanɗaka da Durbi, waɗanda ke zaɓensa kuma ba ya yanke babban al'amari ba tare da su ba, ga kuma Iya mai riƙe da sha'anin mata. Kakanninmu sun san girman sarauta, kuma duk da haka ba su bar ta ita kaɗai ba.

Sai dai rabon muƙamai ba ya wadatarwa idan labari ya ci gaba da zama a wuri ɗaya, domin wanda ya san lissafi shi ke mulki ko da ba shi da kujera, kuma wannan gargaɗi ya shafe ka kai ma, Malam Sakatare, tunda alƙalami a hannunka yake. Ku sa rana tabbatacciya, misali Juma'ar farko bayan kowane wata uku, a buɗe mangaza a ƙirga a gaban duk wanda ya zo, a karanta lissafi da Hausa da babbar murya, a rubuta adadin buhu da kuɗi da alli a bangon mangaza, da boko da ajami, ya zauna har ƙirga ta gaba. Ku ba masu foroje lambar waya uku, ku kuma shaida musu cewa ba a karɓar baƙo sai da mutum biyu. Zaɓe kuma kada a yi shi da ɗaga hannu, domin ba mai ɗaga hannu a kan wanda ya ba shi bashin iri yana kallonsa. A sa ƙwarya ko tulu ga kowane ɗan takara a cikin ɗaki, kowa ya shiga shi kaɗai ya jefa tsakuwa ko ƙwallon dabino. Kujerun mata kuma su zama masu aiki, kamar ma'aji ko sa ido, kada a tsaya ga "mai kula da harkokin mata" da ake ƙirƙira domin a cika sharaɗin masu ba da tallafi.

Akwai wurin da na ga ƙungiyoyi masu kyau suna ruɓewa a hankali, shi ne perdiyam, wato kuɗin da ake ba wanda ya halarci horo ko taro, da kyaututtuka. Horo a Maradi ko Yamai, kuɗin zama, waya, wani lokaci babur, duk suna zuwa da sunan ƙungiya amma su sauka a hannun wanda ya je. Hadisin Ibnul Lutbiyya, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, ya yi maganin wannan: an aike shi karɓar zakka, ya dawo ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni, sai Annabi (SAW) ya ce me ya hana shi zama a gidan ubansa da uwarsa ya ga ko za a kawo masa kyautar. Ku yanke tun yanzu cewa tafiye-tafiye za su riƙa zagayawa, wanda ya je ya dawo ya ba da labari a taro, kayan aiki na ƙungiya ne, kuma a san kason da zai shiga asusu daga kuɗin zama. Shugabanci a irin ƙungiyarku aikin sa kai ne, amma a riƙa biyan mutum kuɗin mota da abincin da ya kashe a fili bisa rasit, domin wanda aka bari yana cin asara a ɓoye wata rana zai biya kansa a ɓoye.

Hukunci kuma ya zama mai hawa-hawa. Elinor Ostrom, wadda ta sami kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2009 saboda nazarin yadda jama'a ke kula da dukiyar tarayya kamar daji da ruwan noma da makiyaya, ta gano cewa tsare-tsaren da suka daɗe suna da wasu halaye iri ɗaya, daga ciki akwai cewa waɗanda doka ta shafa su ke sa hannu a yin ta, masu sa ido daga cikinsu suke kuma gare su suke ba da bahasi, hukunci yana farawa da sauƙi ya ƙaru idan aka maimaita, kuma akwai wurin sasanci na kusa mai araha. Mun ga irin wannan a Dan Saga ta yankin Agye, inda kwamitin gari mai ɗauke da maza da mata da makiyaya ya tsare itatuwan da manoma ke rayawa a gonakinsu. A wurinku, karo na farko a yi wa mutum magana a keɓe, na biyu a faɗa a taro da ƴar tara, na uku a dakatar da shi daga bashi na shekara guda. Ranar da wannan doka ta hau kan ɗan'uwan shugaba ko ƙanen sakatare kuma aka zartar, daga ranar jama'a za su yarda da ita.

Saura maganar dattijon naku, kuma a nan nake roƙon matasanku su sassauta. Mutumin da ya yi shekara 14 yana ɗauke da ƙungiya ba a kama shi da dala ba, ya cancanci a sallame shi da girma, kuma idan aka kunyata shi zai fita da rabin jama'a da dukan sanayyar da ya tara, ku kuma ku gaji mangaza da gaba. Na kuma sha ganin matasan da suka karɓi kujera da zafin gyara, bayan shekara uku makulli da hatimi suka koma aljihun sabon shugaba, domin mutum aka canja ba a taɓa tsarin ba. Saboda haka ku fara da dokoki, zaɓe ya zo daga baya. Kada a fara tayar da maganar a taro. Ku sami mutum biyu da yake jin nauyinsu, limami da wani sa'ansa, ku same shi a zaurensa bayan sallar isha'i, ku ce masa kuna so abin da ya gina ya rayu bayan ransa, kuna kuma so a sauke masa nauyin masu ƙwanƙwasa ƙofa. Ku roƙe shi ya zama shi ne zai gabatar da sabon tsarin da bakinsa, shi ne kuma zai miƙa makulli na biyu da hannunsa a gaban jama'a. A sa wa'adi na shekara 3 da ake iya sabuntawa sau ɗaya, a fara ƙirga daga zaɓe mai zuwa, kuma a bar shi ya tsaya idan yana so. Idan ya sauka, a ba shi matsayin uban ƙungiya mai sasanta rikici da raka sababbin shugabanni wurin hukuma da abokan hulɗa, ba tare da sa hannu a kuɗi ba, sannan a haɗa shi da matasa biyu na tsawon shekara guda su rubuta duk abin da ke kansa: basussuka, alkawura, sunayen mutane da lambobinsu.

Lokacin da ya fi dacewa ku fara shi ne bayan an gama girbi, kafin ku buɗe sayen hatsin bana, sa'ad da mangaza ta kusa zama fanko, masu bashi na da abin biya a rumbu, matasa kuma ba su tafi ci-rani ba tukuna. Ku yi ƙirgar farko a wannan lokaci, ku amince tun kafin a buɗe ƙofa cewa duk giɓin da aka samu na baya za a rubuta shi bashi a kan waɗanda suka karɓa, a ba su wa'adin biya, ba za a kai kowa gaban hukuma a kansa ba. Adadin da aka samu ranar shi za ka rubuta a shafin farko na sabon littafi, shugaba da ma'aji da mutum uku na kwamitin sa ido su sa hannu a ƙasa, sannan a saka ƙwado na biyu.